Kafi da Daji: Mafaka a Ƙasar Tasawa da Mayahi a Ƙarni na 19

A tarihin ƙasar Hausa, dutse da mafaka sun daɗe suna tafiya tare. Dala a Kano, Kufena a Zazzau da Kwatarkwashi a Zamfara duk wurare ne da jama'a suka raɓa. Tambayar da muke so mu duba a wannan ƴar maƙala ita ce: ina mutanen Tasawa da Mayahi suka fake, alhali ƙasarsu ta jigawa ce da fadamun Gulbin Kaba, babu irin waɗancan duwatsu? A ganinmu, daji da kafi ne suka yi musu aikin da dutse ya yi wa na kudu.

Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a wajen 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi arewa. A Ɗankama aka ci su da yaƙi, Sarki Magajin Haladu ya rasu a can. Waɗanda suka tsira suka nufi Damagaram, daga baya Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi a wajen 1819. Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Da haka yankin ya zama bakin iyaka tsakanin daular Sakkwato da sarakunan da suka ƙi miƙa wuya.

Shaidar da ta fi ƙarfi a hannunmu ita ce ta matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya sauka Tasawa a watan Janairun 1851. Ya tarar da Gazawa kewaye da kafin itace da rami mai zurfi. Daga nan zuwa Katsina kuwa ƙungurmin daji ya ratsa, wanda ayari ke jin tsoronsa, ya kuma wuce ta kufan Ɗankama. Abin lura a nan shi ne, yaƙi ne ya haifi wannan daji. Da ƙauyuka suka watse, gonaki suka koma kurmi, shi kuma kurmin ya zama garkuwa, domin mahayin doki ba ya sakewa cikin sarƙaƙiya. Ita ce kuma ke ba da itacen kafi.

Wannan tsari ya kare bayin Allah daga harin dawaki, amma bai iya da bindigar Turawa ba. Rundunar Voulet da Chanoine ta ƙona garuruwa a kan hanyarta a 1899, kafin a kashe jagororin biyu a kusa da Maijirgi cikin watan Yuli. Bayan da mulkin Faransa ya zauna, hare-hare suka tsaya, manoma suka fita daga kafi suka sari daji, sababbin ƙauyuka suka bazu har arewacin Mayahi.

Matsalar da ke gabanmu ta hanyar bincike ce. Dutse yana nan daram, ganuwar ƙasa takan bar tudu, amma kafi gara ke cinye shi, ramin kuma rairayi ya cike shi, a shuka hatsi a kai. Wanda ya dogara da kango kaɗai zai ɗauka babu abin da ya faru a nan. Don haka muke ba ɗalibanmu shawara su tattara sunayen kufai, su auna tsofaffin rijiyoyi da alamun ramuka, su kuma naɗi bakin dattawa game da asalin kowane gari, tun masu wannan sani suna raye.