Maganin Tarin Fuka da Zogin Ƙafa

A 1952 aka fara ba masu tarin fuka ƙwayar isoniazid, da yawa suka warke. Ba a jima ba waɗansu suka yi kukan tafin ƙafarsu na zogi, kamar ana tsira musu allura. Likitoci suka bincika, suka tarar maganin na rage bitamin B6, watau abincin jijiya. Shi ya sa ake haɗa su biyun.

To, mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, ga Asibitin Malam Aminu Kano kusa da ku. In ƙafa ta yi zogi, kada ku yar da magani, tarin zai komo. Ku gaya wa likita. Allah ya ba mu lafiya.