Wane Launi Motar Nan Ta Fito da Shi Daga Masana'anta?

A ce an ba ka aikin dawo da wata motar 1970 yadda take ranar da ta baro masana'anta. Inji ya tashi, an ɗinke kujeru, mai gyaran bodi ya gama nasa. Saura fenti. Kana iya cewa ai wannan mai sauƙi ne: a duba lambar launi, a sayo gwangwani, a fesa. To, a nan ne masu wannan sana'a a Turai da Amurka suka fi samun saɓani, kuma a nan kuɗi ke salwanta, domin a kasuwar gwanjon tsofaffin motoci launin da ba na asali ba yana karya daraja. Dalilin wahalar yana cikin tarihin fentin kansa.

A farkon ƙarni na 20, yadda ake fentin keken doki haka ake fentin mota. Da buroshi ake shafawa, a jira ya bushe, a goge, a sake shafawa, sau da yawa. Mota ɗaya takan ci makonni. Da Henry Ford ya fito da Model T a 1908, akwai ja, akwai kore, akwai ruwan toka. Amma daga 1914 zuwa 1925 baƙi kaɗai kamfanin ya sayar. Wani ɓangare na fentin da yake amfani da shi daga dangin kwalta aka haɗa shi, ana gasa shi a tanda, ga arha ga ƙarko. Abin da aka yi da kwalta kuwa, ka san ba zai fito shuɗi ba.

Canjin ya zo daga inda ba ka zata ba, wato daga masu yin albarushi. Kamfanin DuPont ya daɗe yana sarrafa audugar da aka jiƙa da asid, wadda ake kira naitiroselulos, don yin abin fashewa. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya masu bincikensa suka samar da fenti daga wannan sinadari, suka sa masa suna Duco. Ana fesa shi da bindigar feshi, tinar da ke cikinsa ta tashi, ya bushe cikin sa'o'i. General Motors ya fara sa shi a motar Oakland ta 1924, shuɗiya. Jama'a suka yi rububi. Zuwa 1926 Ford ma ya dawo da launuka.

Daga nan sinadarin bai sake zama wuri ɗaya ba. A shekarun 1930 aka samu fentin alkid da ake gasawa, a shekarun 1950 aka samu na akirilik, sannan a shekarun 1980 salon da muka sani yau ya kankama: a fesa launi, a rufe shi da wani fenti garai-garai kamar gilashi. Wannan yana da muhimmanci fiye da yadda kake tsammani. A tsohon fenti, launi da sheƙi a shimfiɗa ɗaya suke. A na zamani, haske sai ya ratsa rufin nan kafin ya isa launin, ya sake ratsa shi kafin ya dawo idonka. Ko da ƙwayoyin launin iri ɗaya ne, motar za ta yi wani jiƙaƙƙen ƙyalli da ba ta taɓa yi ba a zamaninta. Masu ido suna ganewa daga nesa.

Su ma ƙwayoyin launin ba duka suke nan ba. Rawaya da ruwan lemo da wasu jajaye na da, da sinadarin dalma da kuromiyam ake yin su, wasu da kadmiyam. Guba ne. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta hana sa su a sababbin motoci daga 2003, masana'antun fenti kuma suka koma wasu sinadaran. Wata dokar ta 2004 ta taƙaita yawan tinar da fenti zai iya fitarwa a iska, ko da yake ta bar ƙofa: ƙasa na iya ba da lasisi na musamman don gyaran motocin tarihi.

To ina amfanin lambar launin? Tana da amfani, amma suna ce kawai, kamar a ce maka "miyar kuka" ba tare da an faɗa maka abin da aka zuba ba. Yawancin kamfanoni suna buga ta a wani ɗan faranti ko takarda a jikin ƙofa, ko ƙarƙashin bonet, ko cikin but. Volkswagen yakan fara nasa da harafin L. L87 wani fari ne. A wajen Chrysler, FC7 na nufin shunayyar nan ta 1970 da masu tara motoci ke zuba kuɗi a kanta. Jaguar da Porsche har takardar shaida ake samu daga kundinsu, mai nuna launin da mota ta fito da shi. Sai dai lamba ɗaya kan fito da ɗan bambanci tsakanin masana'anta da masana'anta, ko tsakanin wannan duro da wancan. Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, a lokaci guda ana yin ta a Faransa da Ajantina. Ba hannu ɗaya ya fesa su ba.

Wani lokacin ma launin bai taɓa zama guda ɗaya ba. Shahararren koren motocin tseren Birtaniya ya samo asali ne daga gasar Gordon Bennett ta farkon shekarun 1900, inda kowace ƙasa ke da launinta. Ta 1903 a Ailan aka yi ta. An amince da kore, amma ba a ƙayyade wane kore ba. Kowane kamfani ya haɗa nasa, wani mai haske, wani kamar baƙi. Duk wanda ya ce maka yana da ainihin koren, ka tambaye shi na wace mota, a wace shekara.

Saboda haka ƙwararru suka koma tambayar motar da kanta. Fentin waje bai da amana, rana ta ƙoɗar da shi, musamman ja, tsohon banish kuma yakan yi rawaya. Sai a leƙa inda haske bai kai ba: ƙarƙashin robar ƙofa, bayan dashbod, ƙasan kafet. Wasu sukan yanko ɗan ɓarɓashi, su duba gefensa a madubin ƙara girma, su ga shimfiɗun fenti a jere kamar ƙasar da aka haƙa rijiya. Na ƙasan, a saman fentin share fage, shi ne na masana'anta. Daga nan a ɗora na'urar auna haske, ta karanta yawan hasken da fentin ke mayarwa a kowane zango na bakan gizo, kwamfuta ta mai da shi lambobi uku bisa ma'aunin da hukumar kula da haske ta duniya ta fitar a 1976: haske ko duhu, ja ko kore, rawaya ko shuɗi.

Ga inda na fi son ka tsaya. Ka taɓa zaɓar zare ya dace da shadda a cikin shago, ka fito rana ka ga sun rabu? Masana suna kiran wannan metamerizim. Idonka na da nau'i uku kacal na ƙwayoyin gane launi, don haka fenti biyu masu sinadarai daban suna iya yi maka kama ɗaya a ƙarƙashin wani haske, su bambanta a ƙarƙashin wani. Tunda dole sabon fenti ya kwaikwayi tsoho da wasu sinadaran, wannan tarko kullum a ɗane yake. Idan fentin mai ƙyalƙyalin alminiyam ne, abin ya ƙara cakuɗewa, don girman ɓarɓashin, ƙarfin iskar bindiga da tazarar hannun mai feshi duk suna canza yadda suke kwanciya. Shi ya sa har yau, bayan na'ura ta gama lissafi, mai fenti yakan fesa gwaji a kan ɗan faranti, ya fita da shi rana, ya jujjuya shi kusa da motar.

A ganina, wannan wahalar ce ta sa ra'ayi ya fara juyawa. Yarjejeniyar Turin, wadda ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya FIVA ta fara aiki da ita a 2013, ta ƙarfafa adana abin da ya rage na asali maimakon kankare shi. A 2024, a gasar Pebble Beach ta Kalifoniya, inda aka saba karrama motocin da aka sabunta tas, babbar kyauta ta tafi ga wata Bugatti Type 59 ta 1934 da ba a sabunta ba, da ƙarce-ƙarcenta da tsohon fentin da ya shafe shekaru masu yawa a jikinta. Ita ce mota ta farko daga rukunin waɗanda aka adana yadda suke da ta taɓa lashe wannan kyauta.