Tarihin Manhajojin Tace Intanet da Toshe Shafukan Siyasa

Manhajar tace intanet ita ce wadda ake ɗorawa a kan kwamfuta, ko a kan layin da ke kai intanet makaranta, ofis ko ƙasa baki ɗaya, domin ta hana buɗe wasu shafuka. Ta yaɗu ne a Amurka a tsakiyar shekarun 1990, da niyyar kare yara daga hotunan batsa. Sai dai tun tana sabuwa aka riƙa kama ta tana rufe shafukan 'yan takara, da na ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam, da na masu muhawara a kan dokoki. Kamfanonin da ke sayar da ita sun saba cewa tuntuɓe ne da za a gyara nan gaba. Abin da ya faru cikin shekara ashirin da suka biyo baya ya nuna cewa aibin a jikin tsarin yake, kuma maganar siyasa na cikin waɗanda suka fi faɗawa tarkonsa.

Manhajojin farko, irin su SurfWatch, Cyber Patrol, Net Nanny da CYBERsitter, hanya biyu suke bi. Ko dai su duba kalmomin da ke cikin shafi, ko su gwada adireshinsa da wani dogon jeri da kamfani ya tara ya kulle. Kasuwarsu ta buɗe sosai bayan Kotun Ƙolin Amurka ta soke sassan dokar ladabin sadarwa ta 1996 a shekarar 1997, domin lauyoyin da suka yaƙi dokar su da kansu sun shaida wa kotu cewa iyaye na da manhajar tacewa, ba sai gwamnati ta sa hannu ba. Amma kafin wannan hukunci an riga an ga ɓaraka. A 1996 SurfWatch ta toshe wani shafi na fadar White House saboda kalmar Turanci mai nufin ma'aurata, alhali shugaban ƙasa da mataimakinsa da matansu ake nufi. A shekarar kuma 'yan jarida Declan McCullagh da Brock Meeks suka bayyana cewa CYBERsitter na toshe shafin NOW, babbar ƙungiyar fafutukar mata ta ƙasar. Wannan ba tuntuɓen na'ura ba ne, kamfanin ya tsaya a kan bakansa, kuma da shafin Peacefire na matashi Bennett Haselton ya soki lamarin, shi ma sai aka jefa shi cikin jerin. Mai zaune gaban kwamfuta ba shi da yadda zai bambance wanda aka rufe da gangan daga wanda aka rufe bisa kuskure, domin saƙo ɗaya yake gani a fuskar allo.

A ƙarshen 1997 lamarin ya isa kotu daga gundumar Loudoun ta jihar Virginia, inda manhajar X-Stop da aka sa a ɗakunan karatu na jama'a ta rufe shafin mabiya ɗariƙar Quaker da na wani reshen ƙungiyar mata masu ilimin jami'a. A 1998 mai shari'a Leonie Brinkema ta yanke cewa tsarin ya saɓa wa kundin mulki. Shekara biyu bayan haka, a Nuwamban 2000 lokacin babban zaɓe, Haselton da Jamie McCarthy suka fitar da rahoto cewa manhajojin Cyber Patrol da Bess na toshe shafukan 'yan takara daga jam'iyyu daban-daban. Cikinsu akwai Jeffrey Pollock, ɗan Republican mai neman kujerar majalisa daga Oregon, wanda a da yake goyon bayan a tilasta tacewa a makarantu da ɗakunan karatu. Da ya ga nasa shafin a rufe sai ya sauya ra'ayi, har ya shiga sahun masu ƙarar gwamnati a kan tilasta tacewa. Dick Armey, jagoran masu rinjaye a Majalisar Wakilai a lokacin kuma mai goyon bayan tacewa, an ruwaito cewa nasa shafin ma ya maƙale, don sunan da ake kiransa da shi kalmar batsa ce a Turancin kan titi. A ƙarshen shekarar Peacefire ta nuna an toshe wasu shafuka masu alaƙa da Amnesty International.

Dalilin bai da wuyar ganewa. Siyasa ita ce fagen da al'umma ke tattauna abubuwan da take ƙyama. Wanda ke neman a tsananta hukuncin fyaɗe dole ya ambaci fyaɗe, mai tona asirin azabtarwa a gidan yari dole ya kwatanta azabar, mai yaƙi da ƙwaya dole ya kira sunanta. Na'ura kuwa kalma take gani, ba ta san inda mai magana ya dosa ba. Birtaniya ta ga haka ƙarara a farkon 2003, sa'ad da matatar wasiƙun majalisar dokoki ta riƙa tare saƙonnin da ke magana a kan ƙudurin dokar laifukan jima'i, wato dokar da 'yan majalisar ke kan tattaunawa a lokacin.

Masu kare tacewa suna da hujjoji biyu masu nauyi, kuma ba daidai ba ne a yi watsi da su. Ta farko, kuskuren kaɗan ne idan aka auna shi da amfanin. Binciken gidauniyar Kaiser na 2002 ya ba su ɗan abin riƙewa: a saiti mafi sassauci manhajojin sun tare kashi 87 cikin ɗari na shafukan batsa, suka rufe kashi 1.4 kacal na shafukan lafiya. Amma binciken ya kuma nuna cewa a saiti mafi tsanani batsar da ake tarewa kashi 91 ce kawai, yayin da shafukan lafiya da ake rufewa suka kai kashi 24. Wanda ke zaɓen saitin kuwa shugaban makaranta ne ko ma'aikacin kwamfuta, wanda zai sha faɗa idan hoto ɗaya ya kuɓuce, amma ba mai tuhumarsa idan shafin ɗan takara ya ɓace. Duk matsin lamba gefe ɗaya yake tura shi.

Hujja ta biyu ita ce wadda ta yi nasara a kotu. A Disamban 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar CIPA, wadda ta ɗaure tallafin intanet na tarayya da sharaɗin sa manhajar tacewa. Alƙalai uku a Philadelphia sun soke ta game da ɗakunan karatu a Mayun 2002, bayan sun gamsu cewa dubban shafuka marasa laifi ake rufewa. A ranar 23 ga Yunin 2003 Kotun Ƙoli ta dawo da dokar da rinjayen shida da uku, bisa cewa baligi na iya roƙon ma'aikaci ya buɗe masa. Wannan magani yana aiki ne ga wanda ya san abin da yake nema. Mai zaɓen da bai taɓa jin sunan ɗan takara ba, ba zai je neman a buɗe masa shafinsa ba, zai wuce ne zuwa na abokin hamayya. Mai shafin shi ma ba a sanar da shi. Yaƙin neman zaɓe kuma makonni ne, shafin da aka buɗe bayan an ƙirga ƙuri'a an yi ihu bayan hari. Gano kuskuren ma sai da aka mai da shi abin tsoro: a Maris 2000 kamfanin Mattel, mai Cyber Patrol a lokacin, ya maka Eddy Jansson da Matthew Skala a kotu don sun rubuta manhajar da ke buɗe jerin.

Da tacewa ta tashi daga kwamfuta ɗaya ta koma kan layin ƙasa, ɓarnar ta ninka. Shafuka da yawa kan zauna a adireshin lamba guda, don haka rufe ɗaya na jan maƙwabtansa. Wata kotun tarayya ta gano a 2004 cewa dokar jihar Pennsylvania ta jawo rufe shafuka fiye da miliyan ɗaya a ƙoƙarin tare ƙasa da 400. A 2013 hukumar kula da hada-hadar hannun jari ta Ostireliya ta amsa cewa ta taɓa rufe kimanin shafuka 250,000 a irin wannan hanya. Ana cewa manhajojin yau sun fi na da fahimtar ma'ana, kuma gaskiya ne sun rage rikicewa a kan sunan mutum. Amma har yanzu kamfani ne ke rarraba shafuka gida-gida a ɓoye, kuma mai shafi ne ke ɗauke da nauyin gano an rufe shi. Bayan Firaminista David Cameron ya matsa wa kamfanonin intanet na Birtaniya su kunna tacewa a gidaje a 2013, ƙungiyar Open Rights Group ta gwada shafuka 100,000 mafi shahara a 2014, ta tarar kusan ɗaya cikin biyar a toshe a layin aƙalla kamfani guda. Cikinsu har da Guido Fawkes, shafin labaran siyasa da 'yan majalisar ƙasar da kansu ke karantawa.