Samuel Johnson: Marubucin Da Bai Jira Samun Sauƙi Ba

Wannan makon za mu leƙa Ingila ta ƙarni na 18, mu ga yadda wani marubuci ya yi shekara 75 da cututtuka barkatai a jikinsa, kuma a cikinsu ya rubuta ƙamus ɗin Turanci da aka fi dogara da shi har sama da shekara ɗari.

An haifi Samuel Johnson a garin Lichfield a 1709. Tun yana jariri ƙwayar tarin fuka ta kama kaluluwar wuyansa, ta bar masa tabo a fuska da wuya. Ido ɗaya ya kusa mutuwa, kunne ɗaya ba ya ji. A lokacin Turawan Ingila sun yi imani cewa in mai sarauta ya shafi mai wannan cuta zai warke, don haka a 1712 mahaifiyarsa ta kai shi Landan, Sarauniya Anne ta taɓa shi. Bai warke ba. Da ya girma sai ga wata lalurar: kai na kaɗawa, baki na motsi, hannu na fizga ba da sonsa ba. Likitocin yau da dama na ganin ciwon Tourette ne, wanda ba a yi cikakken bayaninsa ba sai 1885. Yana ɗan shekara 20, bayan rashin kuɗi ya fitar da shi daga jami'ar Oxford, ciwon damuwa ya danne shi, kuma bai rabu da shi ba har mutuwa.

Abin lura, kowace cuta tana ƙara wa 'yar uwarta nauyi. An hana shi shugabancin wata makaranta a Solihull, ɗaya daga cikin dalilan shi ne yadda fuskarsa ke murɗewa. Da ya buɗe tasa, ɗalibai uku kacal ya samu. Ciwon jiki ya toshe hanyar abinci, rashin abin hannu ya ƙara damuwa, damuwa ta hana barci. In zai yi karatu sai ya manna littafi a fuska ya kusanci kyandir, har gaban hular gashin da yake sawa ya riƙa ƙonewa.

A haka ne a 1746 masu buga littattafai suka ba shi aikin ƙamus a kan fam 1,575. Ya ɗauki magatakarda shida, shi ya karanta littattafai ya ja layi, su kwafe. A 1755 ƙamus ya fito da kalmomi fiye da 42,000. A tsakiyar aikin, a 1752, matarsa Elizabeth ta rasu.

To, yaya ya iya? Bai yi jiran ranar da jiki zai yi daɗi ba, ya tsara rayuwarsa ne daidai da jikin da yake da shi. Yakan kai tsakar rana a kwance, shekara da shekaru yana rubuta alkawarin zai riƙa tashi da wuri, yana karyawa, amma aikin bai tsaya ba. In damuwa ta taso, sai ya kama lissafi ko ya fita tafiyar ƙafa. Dare shi ne abokin gabarsa, shi ya sa yake riƙe mutane da hira da shayi har kusan asuba.

Sannan bai yarda ya zauna shi kaɗai ba. A gidansa akwai Anna Williams, makauniya mai rubuta waƙa, da Robert Levet, mai yi wa talakawan Landan magani, da Francis Barber, wanda aka haifa cikin bauta a Jamaika, shi ne kuma Johnson ya bar wa gadonsa. A 1766, da damuwa ta kusa gamawa da shi, Henry Thrale da matarsa Hester suka ɗauke shi zuwa gidansu, suka ware masa ɗaki, ya yi shekara goma sha yana zuwa ya zauna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan shi ne labarin Johnson.

Tsufa ya zo da nasa kayan: ciwon gaɓɓai, sarƙewar numfashi, da kumburin ƙafafu. A watan Yuni na 1783 ya farka cikin dare ya tarar magana ta ɗauke. Don ya gwada ko hankalinsa na nan, sai ya tsara addu'a cikin baitocin Latin a zuciyarsa. Bayan 'yan kwanaki maganar ta dawo. A hunturun da ya biyo baya ya yi sama da wata huɗu bai fita gida ba, sau da yawa a kujera yake kwana domin kwanciya na toshe masa numfashi. Ofiyom na sassauta masa, amma yana tsoron ya gusar masa da hankali. Daga Yuli na 1784 ya buɗe littafin jinya, yana rubuta barcinsa, yawan fitsarinsa da maganin da ya sha. Da likita ya tabbatar masa ba tashi, ya ajiye magungunan, ya ce yana so ya koma ga Ubangijinsa da hankalinsa. Ya rasu ranar 13 ga Disamba, 1784.

Mun san waɗannan ƙananan bayanai ne saboda James Boswell da Hester Thrale sun zauna kusa da shi sun rubuta. A nan namu aikin yake. A yawancin labaranmu, mara lafiya ko dai ya mutu ko ya warke kafin babi na ƙarshe. Mai hawan jini da ciwon suga da ciwon ƙoda a lokaci guda, wanda zai yi shekara ashirin yana lissafin ƙwaya da kuɗinta, yana zaɓen abin da zai ci a gidan biki, har yanzu bai samu gurbi a takardunmu ba, alhali kusan kowane gida akwai shi. Ku zauna da shi, ku tambaye shi yadda safiyarsa take farawa, kuma wa ke riƙe da shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinya. Sai mako mai zuwa.