Binciken Zama Cikin Jama'a da Fafutuka a Zamanin Korona

Binciken zama cikin jama'a, wanda masana ke kira etnogirafi, hanya ce ta nazarin al'umma inda mai bincike ke tarewa cikin mutane na watanni ko shekaru, ya ci abincinsu, ya halarci suna da biki da jana'iza, sannan ya rubuta abin da ya gani ya kuma ji. An fi danganta ta da Bronislaw Malinowski, wanda ya zauna a tsibiran Trobriand lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. A ƙasar Hausa, littafin Baba of Karo na Mary Smith, wanda ya fito a 1954, daga irin wannan zama a ƙasar Zazzau ya samo asali.

Jarin mai wannan bincike da na ɗan fafutuka ɗaya ne: haɗuwa da mutane ido da ido. Shi ne kuwa abin da aka fara hanawa bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris 2020.

Masu bincike sun koma hira ta waya da WhatsApp da Zoom. A Ostireliya, Deborah Lupton ta buɗe kundi a intanet inda masana suka riƙa zuba dabarun aiki daga nesa. A watan Yuni, Gökçe Günel da Saiba Varma da Chika Watanabe suka fitar da takardar kare binciken da ake harhaɗawa daga gajerun ziyarori, kamar ɗinkin ƙyallaye. Hujjarsu ita ce, tun kafin annoba ma, raino da rashin kuɗi suna hana da yawa yin dogon zama. Hujja ce mai ƙarfi, sai dai waya tana tankaɗe mutane: wanda ba shi da data ba a jin muryarsa, matar da ke aron wayar mijinta kuma ba lallai ta faɗi abin da ke ranta ba.

Kano ta nuna amfanin sauraron mutane. A Afrilun 2020, daga bakin masu haƙa kabari aka fara jin cewa mace-mace sun yi yawa, alhali gwaji ya yi ƙaranci. Sai da aka bi iyalan mamata ana tambayarsu yadda ciwon ya kasance, kafin Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana a watan Yuni cewa an ƙirga mutum 979, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari korona ce sanadi.

'Yan fafutuka kuwa ba su daɗe a ɗaka ba. Greta Thunberg ta mayar da yajin ɗalibai na ranar Juma'a intanet tun a Maris, shirin Follow The Money na Hamzat Lawal ya shiga bin sawun kuɗin tallafin korona. Amma zanga-zangar EndSARS ta Oktoba, duk da an kitsa ta a Twitter, a kan titi ta girgiza gwamnati har aka sanar da rushe rundunar ranar 11 ga wata. Bayan harbin Lekki na ranar 20, jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafin korona a Legas da Jos da wasu garuruwa, suka tarar da buhunan abinci jibge ba a raba ba.