Ƙiradi da Suftaja a Hanyar Sahara: Fuƙaha'un Malikiyya da Dukiyar Fatake

Duk ɗalibin da ya sauke Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani (ya rasu 386H/996M) a zauren malaminsa ya wuce ta kan wata mas'ala a babukan ƙarshe, inda mawallafin ya karhanta fita fatauci zuwa ƙasar abokan gaba da ƙasashen Sudan, wato ƙasashen baƙaƙen fata da ke kudu da Sahara. Galibi akan fassara ta a wuce. Amma wanda ya rubuta ta yana zaune ne a Ƙairawan, birnin da ayarinsa ke ratsa hamada yana komowa da zinariya, kuma attajiran da ke zuba jari a wannan ayari su ne masu zuwa neman fatawa wurinsa da wurin takwarorinsa. Karhancin bai tsayar da raƙumi ko ɗaya ba. Aikin da ya faɗo a kan malamai shi ne fayyace wanda zai ɗauki asara idan dukiya ta tafi inda hukuncin alƙali ba ya kaiwa.

Girman dukiyar ya bayyana a labarin Ibn Hauƙal, matafiyin ƙarni na 10. Ya ce ya ga takardar bashi ta dinari 42,000 a kan wani ɗan kasuwa mazaunin Audagust, a Muritaniya ta yau, wadda aka rubuta wa wani attajirin Sijilmasa da ke kudu maso gabashin Maroko, da shaidar adilai. Idan aka auna da dinari na shari'a mai nauyin giram 4.25, zinariyar ta haura kilo 178. Ya ba da labarin a Iraƙi da Farisa da Khurasan, mutane suka yi ta mamaki. Masanin tarihi Nehemia Levtzion ya yi jayayya cewa Ibn Hauƙal bai ƙetare Sahara ba, a Sijilmasa ya ga takardar. Ko a ina ya gan ta, abin lura ɗaya ne: tsakanin mai bashi da wanda ake bi akwai tafiyar kusan wata biyu, kuma ba sarki ɗaya ke mulkinsu ba.

Babbar hanyar da shari'a ta tanada don tura jari nesa ita ce ƙiradi, wanda Hanafawa ke kira mudaraba. Asalinsa a Muwaɗɗa shi kansa labarin fatauci ne tsakanin ƙasashe. Abu Musa al-Ash'ari, yana gwamnan Basra, ya ba Abdullahi da Ubaidullahi, 'ya'yan Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da su, dukiyar baitulmali su kai Madina, ya ba su damar sayen hajar Iraƙi da ita su sayar a can. Da suka ci riba Umar ya nemi su miƙa uwar kuɗi da ribar duka. Ubaidullahi ya kafa hujja da cewa da dukiyar ta salwanta su za su biya. Aka daidaita a kan a mai da shi ƙiradi, aka raba ribar biyu. Hujjar Ubaidullahi ita ce ginshiƙin babin gaba ɗaya: riba tana bin lamuni.

Malikiyya sun ɗaure wannan ƙulli da sharuɗɗa masu tsauri. Jari ya zama tsabar dinari ko dirhami. Rabon ma'aikaci ya zama sanannen kaso na riba, kamar rabi ko sulusi, ba adadin kuɗi ba. Ba a yanka masa ajali, ba a kuma ɗora wa ma'aikaci lamuni, domin shi amintacce ne. Idan dukiya ta halaka ba da sakacinsa ba, mai ita ya yi asara, shi kuma ya yi asarar wahalarsa. Guzurinsa da tufarsa a halin tafiya daga dukiyar suke fita gwargwadon al'ada. Sharaɗin farko shi ya fi takura wa masu fatauci zuwa kudu, domin abin da suke aikawa tufafi ne da tagulla da duwatsun ado, zinariyar kuwa daga can take zuwa. Hanafawa sun yarda a ce wa ma'aikaci ya sayar da haja ya mai da kuɗinta jari. Imam Malik bai yarda ba, kuma idan an riga an yi, ana ba ma'aikaci ladan sayarwa sannan a mayar da shi ga ƙiradin irinsa. A ganina wannan tsanani yana da dalili mai ƙarfi: hajar da aka ƙiyasta a Ƙairawan ba ta da wannan farashi a bakin hamada, ranar rabo kuwa dole a san mene ne uwar kuɗi kafin a san riba.

Al-Wansharisi (ya rasu 914H/1508M) ya adana a cikin al-Mi'iyar wata tambaya da aka yi wa Abul Hasan al-Ƙabisi (ya rasu 403H/1012M). Wani ya ba da ƙiradi don a tafi da shi Tadmakka, a arewacin Mali ta yau. Ma'aikacin ya zarce Gana da Audagust, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya shekara goma sha ɗaya bai komo ba. A gida kuma ana bin sa basussuka, alƙali ya sayar da kadarorinsa don a raba wa masu bashi. Shin mai ƙiradi yana da kaso a cikinsu? Tambayar ba ƙarama ba ce. Muddin dukiyar amana ce a hannun ma'aikaci, mai ita ba mai bashi ba ne, ba shi da abin da zai nema a gidan da aka sayar. Sai dai ya jira mutumin da watakila ba zai sake ganinsa ba. Al-Ƙabisi bai ɓoye rashin amincewarsa da ƙiradi zuwa waɗannan ƙasashe ba, amma bai sallami mai tambaya hannu wofi ba. Ya ɗauki ma'aikacin a matsayin wanda ya ƙetare haddi, kuma ƙa'idar mazhaba ita ce mai ƙetare haddi ya zama mai lamuni. Da haka amana ta koma bashi, mai jari ya shiga sahun masu rabo. Alƙalin Ƙairawan ba shi da iko a Audagust, amma yana da iko a kan gidan da ke cikin garinsa, kuma ta nan muftin ya ɓullo.

Ɗaya matsalar ita ce maido da kuɗi. Suftaja ita ce mutum ya ba da kuɗi rance a wani gari, ya karɓi takarda zuwa ga wakilin mai karɓar a wani garin, don ya tsira daga haɗarin hanya. An ruwaito cewa Ibn Zubair yakan karɓi dirhamai a Makka ya rubuta wa ɗan'uwansa Mus'ab a Iraƙi ya biya, kuma Ibn Abbas bai ga laifin haka ba. Duk da haka mafi yawan fuƙaha'u sun ƙi ta idan an sharɗanta, domin amincin hanya amfani ne da rancen ya jawo wa mai bayarwa. Ibn Ƙudama da Ibn Taimiyya sun halatta ta, bisa cewa amfanin na ɓangarori biyu ne ba tare da cutar da kowa ba. Malikiyya sun tsaya a kan hani, sai dai Mukhtasar na Khalil ya toge halin da tsoro ya game hanyoyi, inda kare dukiya ya rinjayi hanin. Ga mai ratsa Sahara, wannan togaciya ta kusa zama ita ce ƙa'idar.

Wasu attajirai sun gwammace su rage dogaro da baƙo gaba ɗaya. A ƙarni na 13 'yan'uwa biyar na gidan Maƙƙari sun yi tarayya a dukiyarsu: biyu a Tilimsan, biyu a Walata, babbansu Abdurrahman a Sijilmasa. Na arewa suna tura haja, na kudu suna turo fatu da hauren giwa da garin zinariya, na tsakiya kuma yana rubuta wa kowane ɓangare tashin farashi da faɗuwarsa da halin garuruwa. Sun haƙa rijiyoyi a hanya, kuma da mulkin Walata ya sauya hannu suka nemi yardar sabon sarki suka samu. Zuriyarsu ta ci dukiyar ba ta haɓaka ta ba. Jikansu Muhammad al-Maƙƙari, wanda ya zama babban alƙalin Fas a ƙarni na 14, ya ce abin da ya riska kaɗan ne, a cikinsa har da babbar taskar littattafai.