Daga Gidajen Glebe Zuwa Kasafin Kuɗin Ƙasa

A watan Maris na 1974, wasu mata a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya suka kutsa cikin wasu gidaje biyu da babu kowa, a unguwar Glebe, suka canza makullai, suka mayar da su mafakar matan da suka tsero daga dukan mazajensu. Gidajen na cocin Angilikan ne. Ɗayansu ana ce masa Elsie, sunan da ya bi mafakar ke nan, kuma ita ake lissafawa a matsayin ta farko irinta a ƙasar. Da gudummawar jama'a aka riƙa ciyar da mata da yara, sai a 1975 gwamnatin Gough Whitlam ta fara ba da kuɗi.

Daga nan ya kamata mu ɗauko tarihin kasafin kuɗi mai la'akari da mata, domin ɗaya daga cikin matan nan, Anne Summers, ita aka naɗa shugabar ofishin harkokin mata a 1983, zamanin Firayim Minista Bob Hawke. Wadda ta taɓa neman abincin mafaka ta san tausayi ba ya biyan kuɗin wuta. A 1984 Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta fitar da bayanin kasafi game da mata. Ba wani asusu aka ware musu ba. Kowace ma'aikata aka ce ta bayyana yadda kuɗin da take kashewa ke shafar mata. A 1985 kuma aka fara wani shiri na haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da jihohi, wanda ya ba gidajen mafaka kaso tsayayye.

Sai dai abin da gwamnati ta kafa ita kaɗai, wata gwamnatin tana iya rushe shi. Bayan zuwan John Howard a 1996 aka rage wa bayanin ƙarfi, a 2014 aka daina fitar da shi, sai 2021 ya dawo. A tsakani, wata ƙungiyar mata ce ta riƙa bin kasafin da kanta tana wallafa abin da ta gano.

Afirka ta Kudu ta bi wata hanyar. A 1995, 'yar majalisa Pregs Govender da ƙungiyoyin bincike masu zaman kansu suka fara nazarin kasafin ƙasar daga wajen ma'aikatu. Irin wannan nazari ne ke tona giɓin da ke cikin doka mai kyau. Dokar hana cin zarafi a gida ta 1998 ta umarci ɗan sanda ya taimaka wa matar da aka zalunta ta sami mafaka, amma ba ta faɗi wanda zai biya kuɗin mafakar ba.

Mu ma wannan giɓin na iya shafar mu. Dokar VAPP ta 2015 ta ba wanda aka ci zarafinsa a Babban Birnin Tarayya, Abuja, haƙƙin samun magani, nasiha da taimakon lauya, kuma jihohi da yawa sun amince da irinta. To amma gwajin asibiti kuɗi ne, man motar da za ta kai yarinya kotu kuɗi ne, albashin mai ba da nasiha ma haka. Mu da muke tsara manhajar kwamfuta mun san abin da ba a buɗe masa gurbi ba, ba ya fitowa a rahoto.

Don haka idan gwamna ya gabatar da kasafi a majalisar jiha, mu nemi amsar abu uku: nawa aka rubuta wa cibiyoyin kula da waɗanda aka ci zarafinsu, nawa aka saki, kuma wa ke bin sawu daga wajen gwamnati.